Ƙyallen tela, gwanjo ko zanen akwati: da wanne za ki fara ɗinki?

Ƙanwata ce ta tayar da zancen. Ta gama karatu, aiki shiru, ga keken ɗinkin Hajiyarmu, Butterfly ɗin nan baƙi mai feda, yana jingine a lungu an lulluɓe shi da tsohon labule. Ta daɗe tana kallon jakunkuna da rigunan filo da shimfiɗun jarirai da nake haɗawa da guntayen yadi, ran nan sai ta ce ita ma ta shigo layi. "To Yaya, kayan fa? Teloli zan riƙa bi ina neman ƙyalle, ko kasuwar gwanjo ta Ƙofar Wambai zan shiga, ko kuwa in lallaɓa Hajiya ta buɗe mana akwatinta?"

Na ce ta nemi wuri ta zauna, don ba amsar tsaye ba ce. Duka ukun na yi aiki da su, kowanne ya yi mini rana, kowanne kuma ya taɓa ba ni kunya. Akwai ma na huɗu da ba ta ambata ba, tsohon saƙin hannu, za mu zo kansa.

Abin da na daɗe ban gane ba shi ne, ba shekarun yadi ake dubawa ba. Atamfar da ta shekara 30 a ninke cikin akwati tana iya fin ta bara ƙwari, in ta baran kullum tana tsakanin omo da rana da dutsen guga. Tambayar guda biyu ce: wace wahala yadin nan ya sha kafin ya iso hannunki, wace wahala kuma za ki ɗora masa in kin ɗinka? Jakar da yaro zai cika da littattafai ya riƙa ja a ƙasa daban, rigar filon kujera da ba ta ɗaukar komai sai ƙura daban.

Ƙyallen tela ya fi sauƙin samu, kuma shi kaɗai ne sabo a cikinsu. Garin da yake da Kantin Kwari ai ba ya rasa ƙyalle. Duk turmin atamfa mai yadi 6 da ya fita daga kasuwar nan, ƙarshensa gaban almakashi, kuma babu telan da zai fitar da riga da siket bai zubar da kewayen wuya da na hammata ba. Kakarsa azumi ce. Daga tsakiyar Ramadan zuwa daren Sallah teloli ba sa runtsawa, ƙasan shago ya cika har ƙafa tana nutsewa. Amma kada ki je a lokacin, ko sallamarki ba za a amsa da kyau ba. Tun cikin Sha'aban za ki kai buhu ki roƙi a riƙa zuba miki, sai bayan Sallah da kwana uku ki je ɗauka.

Ranar da na fara kai wa telan unguwarmu buhu, dattijo ne da ya yi wa iyayenmu ɗinki, sai ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau.

"Baba, in na ajiye wannan za a riƙa tara mini?"

"'Yata, na ƙasan nan dai ƙanana, da shara za su tafi, ki kwashe abinki. Amma wanda ya kai a yi wa yarinya ɗankwali ba nawa ba ne balle in ba ki. Na mai kaya ne."

Har yau ina riƙe da maganar nan. Ragowar yadi haƙƙin mai yadi ne sai in ya yafe, telan kuma da zai miƙo miki rabin yadi na shaddar wani yana murmushi, ba alheri ya yi miki ba. Ban da nauyin haƙƙi, Kano ba ta da girma kamar yadda ake zato. Watarana za ki rataya jakarki a gidan suna, wata ta ƙura mata ido ta ce, "Wannan ai atamfata ce, shi ya sa ɗankwalina ya fito guntu."

Ainihin wahalar ƙyalle kuwa sai kin zazzage buhun a tsakar gida. Atamfa, shadda, leshi, yadin maza, yadi mai santsi, shafi, duk a cakuɗe. Da yawan yadin da ake sayarwa yanzu ba auduga zalla ba ne, da roba a ciki, wani ma roba ce tsantsa da aka buga wa zanen atamfa. Ido ba ya rabe su koyaushe, wuta ce ke rabewa. Ki yanko ɗan siriri, ki riƙe da almakashi a kan faranti, ki kanga masa ashana. Auduga za ta ci da wuta kamar takarda, warinta ma na ƙonanniyar takarda ne, ta bar toka mai laushi da za ki murje da yatsa. Roba kuwa tsukewa take yi ta guje wa wutar, ta narke, ta yi warin leda, ta bar ɗan dunƙule mai tauri. In kin haɗa su biyun a shimfiɗa ɗaya, wankin farko auduga za ta ɗan motse, roba ta tsaya yadda take, ɗinkin ya tattare kamar fuskar da aka ɓata wa rai. Wajen guga ma zafin da auduga ke so shi ne zai huda robar.

Sai maganar zuba. Ƙyalle sabo ne, bai taɓa ganin ruwa ba, don haka duk rinin da zai zubar yana nan yana jiran ki. Ja da baƙi da shuɗi mai duhu su ne 'yan ta'adi. Kowane launi a jiƙa shi daban kafin a yanka, wanda ruwansa ya ƙi washewa bayan ɗauraya uku a ware shi, ba ya shiga kusa da fari. Shadda kuma kada ƙyallinta ya ruɗe ki, da ta sha ruwa sheƙin ya ragu.

Ƙanwata ta ce ai duk da haka kyauta ne. Na ce kyauta ne a aljihu, amma mu yi lissafi. Shimfiɗar gado mai ƙafa 6 kowane ɓangare inci 72 ke nan. In kin yanka ƙyallaye masu kusurwa huɗu inci 5, ɗinki ya ci rubu'in inci kowane gefe, saura inci 4 da rabi. Layi 16 a tsaye, 16 a kwance, guda 256. Kowanne sai an wanke, an goge, an auna, an yanka daidai da tafiyar zare, don ƙyallen wuya da na hammata a karkace suke fitowa, wanda aka yanka a karkace kuwa miƙewa yake yi a ƙarƙashin keke. A buhu guda, abin da zai ba ki cikakken inci 5 na auduga mai kyau ba shi da yawa. Kuɗin da ba ki biya ba, da bayanki da idonki za ki biya shi. Gara ki nufi ƙananan abubuwa da shi: jakar kuɗi, gidan waya, abin riƙe tukunya, ƙyallen ado a gaban jaka. Sa'a ɗaya da ake yi ita ce ta anko. In telan ya ɗinka wa mata 20 atamfar biki iri ɗaya, kin samu launi guda mai yawa da za ki yi gefe da shi.

Gwanjo shi ne na fi daɗewa ina raina wa, shi ne kuma yanzu ƙashin bayan aikina. A Ƙofar Wambai nake saye, wani lokaci Sabon Gari. Daɗin Wambai, a fita ɗaya kin haɗo da zare da zif da allura. A hukumance shigo da tufafin gwanjo Najeriya haramtacce ne, yawancinsa ta Kwatano yake biyowa, shi ya sa farashin dila yake rawa da canjin kuɗi da halin da iyaka ke ciki. Da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, har zuwa Disambar 2020, duk mai hulɗa da 'yan gwanjo ya ji a jikinsa.

Mu masu yankawa muna da wata dama da mai sayen sawa ba shi da ita. Ranar da aka fasa dila, mutane kan rufu a kan na farko, marasa aibu, su ne masu tsada. Ke ba ruwanki da wannan turmutsutsun. Ki bari ƙura ta lafa. Zanen gadon da yake da tabo a kusurwa ɗaya, wandon jins da zif ɗinsa ya mutu, rigar namiji ƙatuwa da ba wanda za ta yi wa, wadda wuyanta ya cinye amma bayanta garau, su ne kayanki. Aibin da ya karya musu daraja almakashi zai zagaye shi. Kada dai ki nuna zumuɗi. Wani mai kaya da na saba da shi ya taɓa riƙe wani zanen gado yana kallona ya ce, "Hajiya, ke fa na lura sai mai ciwo kike ɗauka. Asibiti gare ki?" Tun daga ranar kuɗin masu ciwon ya ɗan ɗaga.

Abin da gwanjo ya fi ƙyalle da shi nesa ba kusa ba shi ne faɗi. Zanen gado ɗaya ya ishe ki bayan shimfiɗa sukutum ba haɗi, ko shafin jakunkuna da yawa. Rigar bargo ma ta fi, don falle biyu ce. Kuma an riga an wanke su sau da yawa a can inda suka fito, sun gama motsewa, sun gama zuba. Galibi akwai 'yar takarda a gefe da ke faɗin ko auduga ce zalla ko gauraye, kin huta da ashana. Ki dai ɗaga zanen gadon sama ki kalli tsakiyarsa ta hasken rana, don nan ne jiki ke kwanciya, nan yake fara sirancewa. Labule ya fi yaudara. Fuskarsa tana nan da kyau, amma ɓangaren da ya shekara yana kallon taga rana ta gama dafa shi. Ki kama da manyan yatsunki biyu ki ɗan ja. In kin ji zare yana ƙas-ƙas, ajiye musu abinsu.

Jins kuwa, ban san abin da ya kai shi a jaka ba. Gindin jaka, hannu, kusurwoyin da ke gogar ƙasa, duk shi nake sawa. Na maza manya nake nema, bayan ƙafar ya fi lafiya don gwiwa da cinya ne ke cinyewa. Wanda yake miƙewa in an ja, irin matsattsen nan, da zaren roba a cikinsa, ba ya riƙe siffa, a bar shi. Allura mai lamba 14 da kike ɗinka atamfa da ita ba za ta iya ba, sai 16 ko 18. Butterfly yana cin jins falle uku lafiya lau, amma in kin zo inda tsohon ɗinki ya yi tudu, ki ɗora a turmi ki ɗan daddaka da taɓarya ya kwanta, sannan ki juya keken da hannu a hankali. Allurai nawa na karya kafin in koyi wannan, Allah kaɗai ya sani.

Aibin gwanjo uku ne. Yana son jari, ko da kaɗan ne. Yana da warin nan nasa da kowa ya sani, wanda sai an jiƙa shi ya kwana, an wanke da ruwan ɗumi, ya yini biyu a rana kafin ya bar shi. Na uku, launinsa na Turawa ne: fari, toka-toka, ruwan ƙasa, 'yan furanni masu sanyi. Idon Bakano ba ya tsayawa a kansu. Maganin wannan yana Ƙofar Mata, marinar da tarihinta ke komawa 1498. Farin zanen gado na auduga in ya shiga ramin baba ya fito, ba mai cewa gwanjo ne, in kin so ma a ɗaure miki shi a fitar da zane. Sharaɗin dai ya zama auduga, shuni ba ya kama roba. Har zaren da aka yi kalmasa da shi, in na roba ne, fari fat zai fito a jikin shuɗin, zaren ya zama ba kalar yadin ba. Ki farke kalmasar tun a gida. Bayan rini kuma a ɗauraye sosai, in ba haka ba jakar za ta shafa wa mai ita shuni a farar riga.

Yanzu akwati. A nan ne zuciya ke shiga cikin lissafi ta ɓata shi.

Duk wadda ta taɓa zama kusa da uwa ko kaka ranar da aka buɗe akwatin ƙarfen nan ta san abin da nake nufi. Ƙamshin kafur da turaren wuta ya bugo ki, a fara ɗago zannuwa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da labarinsa: wannan na lefe ne, wannan ranar sunanki aka ɗaura, wannan tsarabar Makka ce. Ki duba bakin zanen, sunan kamfani yana nan a rubuce. Akwai Holan, ta kamfanin Vlisco da ke garin Helmond na ƙasar Holan tun 1846, akwai Ingila, akwai kuma namu na gida daga zamanin da masaƙu ke aiki: ta Kaduna da aka buɗe a 1957, masaƙar United Nigerian Textiles (UNTL) da ta biyo baya a 1964 ta kuma tsaya a 2007, da waɗanda suka cika Bompai da Sharaɗa da Chalawa a nan Kano. Atamfofin wancan lokaci auduga ce, mai kyau a cikinsu kuma launinta ciki da waje kusan ɗaya ne. Zanen da ke jikinsu, da yawa yanzu ko kin zagaye Kwari layi-layi ba za ki samu ba. A kyau da daraja, babu mai kama ƙafar zanen akwati a cikin ukun nan.

Sai dai kashi biyu ne, kuma wanda bai raba su ba zai sha kunya irin tawa. Akwai wanda aka adana ba a cika ɗaurawa ba. Wannan ƙarfinsa yana nan, illa layin ninki da kan koɗe ko ya yi rauni, da 'yan hujojin da ƙwari suka yi. Akwai kuma wanda aka ɗaura aka more, ya yi laushi kamar fatar jariri. Shi wannan ya riga ya ba da ƙarfinsa.

Da irin na biyun na yi jakata ta farko da na yi alfahari da ita. Zanen Hajiya ne, kore mai ganye-ganye, na yi wa jakar hannu da jikin zanen, ban sa shafi ba don ina ganin zai ɓata laushin. Na rataya ta zuwa wani biki, na zuba turare da waya da kuɗin liƙi da kwalbar ruwa. Ina sauka daga Adaidaita Sahu a ƙofar gidan, sai na ji fyat. Ba zare ne ya tsinke ba, ɗinkin yana nan daram. Yadin ne ya yage tiryan-tiryan a kan layin da allura ta bi, kamar yadda ake yage rasit daga littafinsa. Kwalbar turare ta fashe a kan kwalta, ina tsugune ina tsintar canji, 'yan matan amarya suna wucewa suna yi mini sannu. Da na dawo na nuna wa Hajiya, ko tausayi babu ta ce, "Wurin zama kika yanko. Shekara nawa ina zaune a kansa?"

Gaskiyarta. Zane yana da wuraren da ke mutuwa da wuri: mazauni, da bakin sama inda ake soke shi a ƙugu, da gefen ƙasa da ke sharar ƙasa. Ɗankwali kuma man kitso ya riga ya ratsa tsakiyarsa. Zane ɗaya mai yadi 2 a lissafi zai ba ki ƙyalle mai inci 5 sama da 120, amma in kin zagaye matattun wuraren, ki gode Allah in kin tsira da rabi. Tsohon zane kuma ba ya son rubu'in inci, sai ki bar masa rabin inci kowane gefe, wato shimfiɗar nan da ta ci 256 yanzu 324 za ta ci. Ki buɗe takun keken ya yi tsawo, don ɗinki mai ƙanana-ƙanana huda yadin yake yi kurkusa har ya yanke shi. Wanda ya yi laushi sosai ma gara allurar hannu. Ki shimfiɗa falle uku, tsohon zane sama da ƙasa, zanen gado a tsakiya, ki bi su da dogon ɗinki layi-layi, tazarar yatsa ɗaya. Rauni uku in sun haɗu sai su zama ƙarfi, ga shi babu shimfiɗar da ta fi wannan daɗi a jikin jariri, ba ta zuba, ba ta kaushi. Iyayenmu da ke yayyaga tsohon zane su yi wa jariri tsumma sun san abin da suke yi.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: in mai akwatin ta rasu, kayan ciki gado ne. Ko ke ce kika yi jinyarta, kada almakashinki ya taɓa ko ɗankwali kafin a raba, ko magada su yafe miki baki da baki. Na ga inda zane ɗaya ya raba 'yan ɗaki ɗaya da gaisuwa.

Ta fuskar sana'a kuma, akwati rijiya ce marar ido. In wata ta ga jaka ta ce a yi mata irinta guda 10 na rabon biki, ina za ki samo? Hanyar da na ga tana ɓillewa ita ce mai so ta kawo nata. Mata da yawa suna da zannuwan iyayensu, ba sa iya ɗaurawa, ba sa iya bayarwa. Ki mayar mata da su abin rufa ko rigunan filo, ki karɓi kuɗin aikinki. A irin wannan ba a cika yi miki ciniki ba, amma ki auna sau uku kafin ki yanka, don in kin ɓata babu inda za ki sayo madadi.

Na huɗun da na ce za mu zo kansa, a Kasuwar Kurmi ake cin karo da shi, kasuwar da ke nan tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Saƙi mai ɗigo-ɗigon zabo, luru mai ratsi, gwado, tsofaffin manyan riguna masu aska takwas, wasu da aikin tsamiya, wasu da shafin alharini. Wannan shi ne asalin arzikin garin nan. Wani matafiyi Baturen Jamus, Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851 ya tarar da tufafin da ake saƙawa ana rinawa a nan suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Shawarata ga mai koyo gajeriya ce: kada ki yanka. Siraran layuka ne masaƙi ya saƙa aka jera aka haɗa da hannu, da almakashi ya ratsa su sai zare ya fara zarewa ta ko'ina. In rigar lafiyarta ƙalau, ta fi duk abin da za ki mayar da ita daraja. Sai in jikin ya mutu murus aikin aljihun ne kaɗai ya rage, shi ne za ki bi kewayensa da ɗinki layi biyu tukuna, ki yanka ta wajen ɗinkin da tazara, ki ɗora a kan yadi mai ƙwari ki kama da allurar hannu. Masu sayen irin wannan baƙi ne da 'yan ƙasar waje da masu ƙawata ofis, ba su da yawa, kuɗin kayan kuma ba na mai farawa ba ne.

Ƙanwata ta gaji da dogon bayani ta ce, "Yaya, ni dai ki faɗa mini ɗaya."

Na ce to, in sayarwa za ki yi, gwanjo ne gida, ƙyallen tela ado. Ki sayi zannuwan gado biyu na auduga da wandunan jins uku, ki kai wa tela ɗaya buhu. Jikin jaka da hannu jins, shafi zanen gado, gaban jakar kuma ki jera ƙyallayen atamfa masu haske. Nauyi yana kan mai ƙarfi, ido yana kan mai kyau. In ba ki da ko sisin jari, fara da ƙyalle kaɗai, amma ki tsaya a ƙananan kaya har kuɗin zanen gado ya fito. In kuwa don kanki za ki yi, ko kyautar haihuwa ga 'yar'uwa, akwati ya fi, da sharaɗin abin ba mai ɗaukar nauyi ba ne kuma kin yi masa shafi.

Sai kuma ki san mutanen da za ki sayar wa. Mai saye a Kano ba ya ƙara ko kwabo don an ce masa abu tsoho ne, tambayarsa ta farko ma ita ce, "Sabo ne?" Ki faɗi gaskiya, don ranar da ta gano da kanta kin rasa ta, kin rasa ƙawayenta. Na lura jaka da abin shimfiɗa a ƙasa da gidan waya ba a damu ba ko da jins ɗin gwanjo aka yi. Amma abin da zai taɓa fuska ko jikin jariri, mata da yawa suna ƙyamar a ce daga jikin wani da ba su sani ba ya fito, ko sau nawa aka wanke. A irin waɗannan ki sa sabon ƙyalle a sama, ko zanen gidansu. Abin da ke sa a buɗe jaka a biya kuwa tsabtar aiki ce: kusurwa ta haɗu da kusurwa, ba zare yana reto, an goge kowane haɗi ya kwanta tun ana ɗinki, cikin jakar ya yi kyau kamar wajenta. Mace za ta juya cikin jaka ta duba kafin ta tambayi kuɗi, ki sa ido ki gani.

Washegari ta tafi Wambai ta dawo da zanen gado fari mai tabon shayi da jins biyu, ɗaya ma mai roba ne, ta manta ba ta ja ba. Da yamma kuma duk da abin da na faɗa sai da ta je ta zauna kusa da Hajiya tana matsa mata ƙafa, tana zagaye-zagaye. Hajiya ta gane. Ta ciro mukulli daga bakin zaninta ta buɗe akwatin, ta ɗauko wasu zannuwa biyu da suka sha jiki ta miƙa mata. Ƙanwata ta kai hannu kan wata Holan shuɗiya da ke ƙasa, ko ninkinta ba a taɓa warwarewa ba. Hajiya ta ɗan buge hannun.

"Wannan ba ta almakashi ba ce. Ki fara nuna mini abin da kika yi da waɗancan."

Ta mayar da murfin ta kulle.